Zazzaɓin Teku

Kafin asuba Rosaura Chunga ta bar gaɓar Paita,
ta zura na'ura cikin teku, gaba ɗari,
tana ƙirga gishiri da sanyi.

Mahaifinta masunci ne, da tafin hannu yake awo.
Ya tsoma, ya girgiza kai: "Bana ruwa na zazzaɓi."

Shekara ashirin tana bin sawun iskar kudu,
mai ture ruwan sama, na ƙasa ya taso
ɗauke da cimar ƙananan kifi.
Ran da iskar ta kwanta,
tsuntsaye su guje wa ƙwansu kan dutse,
jirage su dawo wayam.

Daren jiya lissafi ya fito:
ɗumi ya ƙaru, digiri biyu.
Ta kira tsohon.
Ya ce, "Tun Talata na faɗa miki.
Kin ci abinci?"