Ganyen Fita

Shekara talatin ina kwance huhu a Agege,
ina ware farin goro da ja, ina yayyafa ruwa.
Hannuna ya san ganyen fita kamar tafin 'yata,
amma ban taɓa ganinsa tsaye da ransa ba.

Ran Laraba Baba Oshinowo ya aiko:
"Tanimu, cikon kuɗinka na nan,
sai dai ka tako ƙauye ka karɓa."
Na san dabarar tsoho ce. Na rufe rumfa.
Cunkoson Ikorodu ya cinye mini hantsi,
kwalta ta ƙare bayan Epe,
ɗan acaɓa ya sauke ni inda rogo ya ƙare,
ya ce daga nan sai ƙafa.

Tsoho na gaba da adda, ni a baya da takalmin Juma'a.
Taku goma, aka kashe rana.
Ba duhu ba ne, wani koren haske ne
irin na cikin kwalba,
sai 'yan sulallan rana da suka zube a ƙasa,
ba mai tsinta.

Na saba da Ikko mai ihu tun asuba.
Nan kunnena ya yi ta laluben janareta,
ya dawo hannu rabbana.
Can sai ya fara jin ɗigon raɓa daga ganye zuwa ganye,
da wani tsuntsu mai tari kamar tsohon kwandasta.

"Ɗaga ƙafa!" Kwarkwasa ce ta ja layi,
ta fi mu iya bin hannu.

Ga rimi, saiwoyinsa sun miƙe kamar katangar zaure,
mutum shida sa zauna a lungu guda su ci tuwo.
Ga loko, na ɗaga kai neman ƙarshensa,
hulata ta faɗi.
Tsoho ya dafa shi kamar mai gaida yayansa,
ya ce kakarsa ta same shi haka.
Sauran ya kira su ɗaya ɗaya da Yarbanci,
wannan na zazzaɓi, wancan na mai jego,
ni ko ina gyaɗa kai,
baƙo a gidan biki, ban san sunan kowa ba.

Azahar ta yi, na rasa gabas.
Na juya, na juya, ko'ina ganye.
Shi da ba ya salla, shi ya kama kafaɗata
ya daidaita ni, ya koma gefe ya yi shiru.

A bakin rafin da na yi alwala na gan shi.
Fita. Dubunsa.
Faffaɗa, mai sheƙi, kowane a kan siririyar ƙafarsa,
yana rawa ba tare da iska ba.
Ashe gawarsa nake shafawa tun ina saurayi.
Na tsuguna. Ban san me zan ce masa ba.
Na ce, "Sannu."
Tsoho ya yi dariya har da riƙe ciki.

A hanyar fitowa na yi tuntuɓe da turken siminti,
kansa ja, an rubuta lamba.
Gaba kaɗan wani, gaba kaɗan wani.
"Masu awo ne," in ji shi. "Sun zo bara da fararen huluna."
Bai ƙara ba. Nesa, can wajen titi,
wani zarto mai inji ya gyara murya.

Ya ƙirga mini kuɗina a gindin bishiyar goro,
wadda ban gane ta ba sai da ya nuna,
gajeriya, ba ta cika ido ba,
ita da ta aurar mini da 'ya biyu.

Na dawo da laka har ƙauri
da ganye guda a aljihun gaba.
Kwana uku ya yi kore a kan rediyo.
Yau ya naɗe bakinsa.
Na kasa sa shi cikin huhu.