Babi na Sittin da Ɗaya

Davou ya yanke igiyar dila,
ya zazzage kayan a kan tebur,
ya ce, "Hajiya Tasalla, bismilla."
Ni kuma na goge tabarau.

Shekara goma sha tara ke nan
ina raɗa wa tufafi lamba.
Ba na tambayar wa zai sa riga,
gidan biki za ta ko zaman makoki.
Ja nake yi, in saki.
In ta miƙe ta dawo kamar danƙo, sittin da ɗaya.
In ta tsaya ƙyam, zare ya gitta zare, sittin da biyu.
Sauran lambobin sai su biyo baya
kamar 'ya'yan agwagwa.

Littafin ya fi bulo nauyi.
Ya ce maɓalli ke raba gardama:
hagu ta hau dama, ta namiji ce,
dama ta hau hagu, ta mace.
Wadda kuwa aka rasa gane mai ita,
littafi ya ce a lissafa ta cikin na mata.
Ranar da na fara cin karo da layin nan
na yi dariya har Oga ya leƙo.
Ashe can ma inda aka rubuta shi,
kayan da aka rasa mai ɗauka, mu ake aza wa.

Alhaji Ɗanliti na bakin ƙofa,
carbinsa ya fi leɓensa sauri.
Takardarsa ta ce auduga zalla.
Na tsinko zare ɗaya daga kalmasa,
na kai shi bakin ashana.
Auduga in ta ci wuta, toka take bari mai laushi,
da ƙauri irin na takarda.
Wannan sai ya nannaɗe, ya ɗiga, ya daskare baƙi ƙirin.
"Alhaji, audugarka ta narke."
Ya ce haka aka rubuto masa daga can.
Na ce to, alƙalami ya faɗi tasa,
zare ma ya faɗi tasa,
bambancin kuwa a banki ake biya.

Can ƙasan dilar, kwat ɗaya,
gwiwar hannu ta koɗe, wuya ya sha zufa.
A aljihu, guntuwar takarda da rubutun hannu,
layi huɗu, harshen da ban sani ba.
Davou ya ce wasiƙa ce.
Ni na ce cefane ne.
Ko ma mene ne, an taɓa zama a cikinta,
kuma wannan babi ne daban,
babin da ƙofarsa ke rufe.
Na rubuta abin da doka ta ce in rubuta.
Takardar kuma na mayar aljihunta,
ban san dalili ba.

La'asar sakaliya na hau Keke zuwa Gangare.
Sanyin Jos ba ya jiran magariba.
Na buɗe akwati, na ciro suwaitar Inna,
wadda ta saƙa min ina aji uku.
Tsofaffi uku ta saya a Katako,
ta warware su dare biyar,
ni na riƙe mata da hannu biyu tana dunƙulawa.
Ja daga wata ƙasa, toka-toka daga wata,
koren ya ƙare a rabin hannun hagu
ta ƙarasa da ruwan goro.

Hannuna, da ya saba, ya ja, ya saki.
Sittin da ɗaya, wannan babu musu.
Amma wane zare ya rinjaya?
Ƙirar wace ƙasa ce?
Sabuwa ce, ko gwanjo?
Ashana na nan kan taga.
Na dube ta, na dubi bakin kalmasa
inda Inna ta ƙulle zaren da haƙori.

Jikata Ummita ta shigo tana atishawa.
Na zura mata. Hannun ya wuce yatsunta.
Na naɗe shi sau biyu.