Zagin da Ya Yi Ƙafa Shida

A Landan ta dā, gefen kogin da ke wari da zafi,
Jarvis Pell ya rasa zagin da zai yi daidai
da wani mai karɓar haraji, ɗan tsurut,
mai ƙirga kyandirori a gidan makoki.
Ɓarawo ya yi masa yawa, wawa ya yi masa kaɗan.
Ya zauna a mashaya yana taunar alƙalami,
ya ɗinka sabuwar kalma daga tsumman tsofaffi:
dromblewick.

Sau ɗaya aka faɗe ta a dandali.
'Yan tsaye suka kece da dariya,
wata mai tallar lemo ta yi ta nanata ta har gida,
gari na wayewa ta manta.
Annoba ta rufe gidan wasa.
Jarvis ya mutu ana bin sa kuɗin haya,
mai ɗab'i ya buga wasan, ba wanda ya saya.

Shekara ɗari uku da 'yan kai
tana kwance a shafi na arba'in da ɗaya,
ba ƙamus ɗin da ya yi mata sallama.

Sai Hester Oldroyd, mai farautar ƙwari a fadamun Norfolk,
ta ɗaga ɓawon wani ruɓaɓɓen icce,
ta ga ƙwaro baƙi, bai kai ƙwayar masoro ba,
ya tara ƙwan da ba nasa ba
yana shafa su ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsoron a rage masa.
Wata uku yana cikin kwalba babu suna.

Ran nan ruwa ya kore ta
cikin shagon tsofaffin littattafai a Norwich.
Ta buɗe wanda ba ta da niyyar saya,
ta yi dariya ita kaɗai har mai shago ya ɗago kai.

Ta ɗaura wa kalmar wutsiyar Latin,
ta rubuta a takarda mai faɗin farce,
ta soka allura.

Yau a gidan tarihi ɗalibai na furta ta a hankali,
da ladabi, kada harshe ya zame.
Ba su san ashar suke yi ba.
Mai harajin, ko kabarinsa an manta.
Shi kuwa ƙwaro bai taɓa jin an kira shi ba,
yana can ƙarƙashin ɓawo, cikin danshi,
yana ƙirga.