Ƙasa da Sifili

Bishir ya kawo doguwar motarsa garejinmu na Ƙofar Ƙaura
ranar Talata, tana ta warin albasa.
Wuyansa ya sage tun bara,
ba ya waiwaye sai ya juyo da ƙirji duka.
Ya ɗaura kyamara a bayan mota, allo kusa da sitiyari,
amma in ya sa ribas
sai duniya ta fito kamar zanen da ya sha wanki:
ba ka raba akuya da buhu,
ba ka raba buhu da yaro.

"Jiya a Charanci," in ji shi, sai ya haɗiye sauran.
Keken ne kawai ya lanƙwashe.
Ya faɗi haka sau uku, ba wanda ya tambaye shi.

Na bi wayar da yatsa, kamu ashirin
daga wutsiya zuwa kai.
Ashe hoto ma yakan gaji a hanya,
ya iso da kumburarrun ƙafafu.
Na liƙa masa abin ƙara ƙarfi, na kunna.
Haske ya zo, amma hoton ya kama birgima
kamar jaki ya sami toka.

Oga Mannir bai ɗago daga ƙullin gyaɗarsa ba.
Ya ce hoto yana da diddige,
kuma sai ya taka ƙasa da sifili
kafin allo ya san inda layi zai soma.
"Ka ba shi rufi, ka hana shi daɓe."

Na ce, Oga, batir kalma biyu ya iya:
sha biyu, da babu.
Ina zan samo abin da ya gaza babu?

Ya dube ni.
"Tasi'u, nawa mai shayi ke bin ka?"
Na sunkuyar da kai.
"To ka san wurin. Can za mu sauka."

Ya zazzage gwangwanin madara a kan benci:
ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas kamar gizo-gizo,
kwandensa biyu da aka ciro daga gawar rediyo,
dayod biyu, masu tsaron ƙofa,
kowanne ya san shiga, bai san fita ba.
Gizon yana buɗewa yana rufewa
sau dubu kafin ƙiftawar ido.
Kwandensa ta cika, a kifa ta,
ta juye wa 'yar'uwarta ta ƙasa,
ta koma ta sake ɗebowa.
Guga ne, sai dai wannan gugan
rijiyar yake haƙawa.

Ta farko na juya mata ƙafa.
Ta fashe kamar gugguru, ta bar mini wari a hanci.
A ƙasan sifili, in ji Oga,
doguwar ƙafa ce ke taɓa ƙasa.

Dalma ta narke, ta daskare.
Na ɗora mita.
Tara ta fito, da ɗan gajeren layi a gabanta,
siriri kamar tsagar fuska.

La'asar ta yi sanyi da Bishir ya hau.
Ya sa ribas.
Ga bencin mai shayi, ga tsagin da ke jikin bencin,
ga kaza ta ratso da 'ya'yanta.
Ya taka birki, ya sa yatsa a kan allo yana ƙirga.
Bakwai.
Ya jira har na bakwan ya wuce.

Rabin kuɗin ya bayar,
saura sai ya dawo daga Jibiya.
Oga ya buɗe littafi, ya lashi bakin biro,
ya rubuta sunansa, ya rubuta dubu huɗu,
ya ja ɗan gajeren layi a gaba.