Takarda ta Ɗari Biyu da Sha Uku

An ba ni tambayoyi ashirin da bakwai,
biro biyu, da kuɗin kabu-kabu.
Likita Jabbi ya ce, ta ashirin da ɗaya
ki yi ta da muryar da kike tayin tumatir.
Kada ki sunkuyar da kai, kada ki ba da haƙuri.
Tambaya ba ta shuka abin da babu,
murfin tukunya kawai take ɗagawa.

Na bi Mabera, na bi Rijiyar Ɗorowa,
na sha ruwan randa a Runjin Sambo
cikin bazarar da ke narka kwalta.
A gidajen da aka yi rashi
sai a ce mini hawan jini ne, ajali ne.
Wata tsohuwa ta ce kwana ya ƙare,
ta daɗe tana duban tafin hannunta.

Da yamma a ofis muna zuba su cikin layuka:
bashi, rashin barci, ƙwaya,
wanda ya taɓa gwadawa aka rufa masa asiri,
wanda ya daina zuwa majalisa
ba a aika yaro ya dubo shi ba.
Kwamfuta ta haɗa ta raba, ta ce kashi kaza cikin ɗari.
Ba ta san warin albasar da ta ruɓe ba.

Ni na san shi.
A Kwalkwalawa, bakin fadama,
Arzika na zaune kusa da rudunsa,
buhu sittin sun zama ruwa,
dillali kuma bai manta hanyar gidan ba.
Na karanta ta ashirin da ɗaya, ban sunkuya ba:
a makonni biyun nan,
ka taɓa jin gara a ce ba ka duniya?

Ya yi shiru har akuya ta gama cin ɓawon da ke gabanmu.

Ya ce, ɗiyata, wata ukku ban yi kwana ba.
Kowa haƙuri shika ba ni,
na tara haƙuri ya fi albasar yawa.
Sun ce raunin imani na,
ni ko sahun gaba nika salla.
Ke ɗai kinka tambaye ni mi nika ji.

Takardar gurbi biyu gare ta, i ko a'a.
Na sa alama, na rufe biro.
Na kira Kulu daga madafa, muka zauna mu uku.
Makullin ɗakin kayan gona ya koma hannun ƙanensa,
aka ce kada a bar shi shi kaɗai da dare,
Talata kuma za mu Kware.
Ya ce can ai mahaukata aka kai.
Na ce masu ciwo, Baba, kamar masu ciwon suga.
Bai yarda ba. Ya dai nemo hularsa.

Mode yayana, shekara tara ke nan.
Ni ke kai masa tuwo, in dawo da kwano cike,
in ce wa Inna yau ma ba ya jin yunwa.
Ba wanda ya yi masa ta ashirin da ɗaya.
Mu ma hawan jini muka ce.

Yanzu duk Alhamis bayan la'asar
ina danna lambar da ke bayan takarda ta ɗari biyu da sha uku.
Tana ƙara sau ɗaya, sau biyu,
ina ƙirgawa da yatsun ƙafa cikin takalmi.
Jiya sai a ta shida ya ɗauka.
Ya ce maganin ga na busar da baki,
bashi na nan inda yake,
amma ya yi kwana har an kira assalatu bai ji ba.
Sannan ya tambaye ni
ko na san nawa aka sai da irin albasa bana.