Huɗu a Baya, Biyu a Gaba

A tashar Jega, bayan masu gasa masara,
nan rumfar Lawwali mai tura waƙoƙi take.
Kwamfutarsa ta tsage ta gefe, ya ɗaure da salatif.
Na aje sabon faifai bisa benci.

"Mi kaka so, direba?
In matse su, ɗari da hamsin su shiga,
ko in bar su su miƙe ƙafa, sittin kacal?"

Ni zai koya wa matsi?
Shekara sha ɗaya ina loda huɗu a baya, biyu a gaba,
kowa na isa Yawuri,
sai dai ƙafa ta yi sanyi.

Ya ce ai kunne bai ganewa cikin mota.
Ga inji, ga iska, ga salansa da ta huje,
ga lasifikar ƙofata ɗaya da ke zizar ƙudan zuma.
Na ce matse.

Kuma gaskiya ya faɗa, har Koko.
Kalangu na tafiya, ramuka na amsawa,
wani ɗan tireda a baya yana kaɗa kai
bisa buhun albasarsa.

Sai taya ta yi faci gab da magariba.
Na kashe inji.
Fasinja suka watse neman ruwan alwala,
ni kaɗai da faifan, da tsit ɗin daji.

Waƙa ta arba'in da bakwai ce,
ta tsohon mai gogen garinmu,
wadda aka ɗauka a sunan ƙanena Tsalha.
Na san ta kamar yunwar cikina.
Akwai wurin da yake jan numfashi kafin ya hau sama,
can ƙasa kuma, nesa da makirfo,
Inna Gwamma na dariya.

Gogen na nan, ya rame.
Numfashin ya zama shuuu, kamar ruwa a kwano.
Dariyar kuwa na kai kunne har jikin ƙofa.
An sauke ta a hanya
don a samu wurin wasu.

Washegari na koma da faifai biyu.
Na ce wannan cika shi, na fasinja ne.
Wannan kuwa, waƙa ɗaya.

Ya dube ni. "Ɗaya? Duk filin nan?"

Na ce ta biya kuɗin mota duka.