Baƙuwar Gindin Mangwaro

A bayan gidana na Ƙofar Sauri
akwai wani mangwaro mai rowa.
Shekara tara bai ba mu ɗa ba,
abin da ya iya kawai inuwa.

Na gwada albasa, ta yi zanƙalƙal ta kwanta,
na gwada tattasai, ya ɗashe ya zube.
Kuluwa ta ce, "Malam, ƙyale wurin ga,
ƙasar da rana ba ta gaishe ta
mi za ta ba ka in ba damuwa?"

Ni ko na san wata 'yar ciyawa.
Shekara ashirin ina aikin gandun daji,
can cikin Rugu, inda rafi ke lanƙwasa
ƙarƙashin kanya da ɗorawa,
nan take zaune, ganye sirara a sunkuye
kamar gashin da aka tsefe ba a kitsa ba,
iska kaɗan, duk ta kama rawa.

Jabbi makiyayi ya ce shanu ba su son ta.
Na tambayi sunanta, ya ɗaga kafaɗa.
Littafin ofis ma bai san da ita ba,
shi itacen katako yake ƙirgawa.

Ran da na yi shigata ta ƙarshe,
kafin hanyar ta koma ta masu bindiga,
na sa wuƙa na yanko dunƙule guda
har da ƙasarta, na naɗe a tsohon buhu,
na ɗaure a bayan babur.
Daga Batsari zuwa gida sau huɗu na tsaya,
ruwan gorana nake yayyafawa.

Laifin farko nawa ne:
na dasa ta kusa da randa, inda hantsi ke dukan bango.
Kwana shida bakin ganyen ya ƙone.
Na tone ta da dare kamar ɓarawo,
na kai ta gindin mai rowa.

Ƙasarmu yashi ce, ba ta riƙon amana,
sai na hana a share ganyen da ya faɗo.
Kuluwa ta jingine tsintsiya, ta dube ni:
"Yau kuma shara muke kiwatawa?"
Jarka ta yi tsada wajen 'yan garuwa,
don haka a kanta nake alwala,
sau biyar tana samun rabonta,
ni da ita buta ɗaya muke rabawa.

Da bazara ta bushe ƙurmus.
Na aske ta, na bar tsawon yatsa huɗu,
na daina kallon wajen don kar in ji ciwo.
Ruwan farko ya sauka daren Laraba,
ran Asabar sai ga tsinke kore
yana leƙe, kamar mai jin kunyar fitowa.

Maiwada maƙwabci ya leƙo ta katanga:
"Tana maganin basir?" Na ce a'a.
"Ana miya da ita?" A'a.
"To, mi amfaninta?" Na ce, kallo.
Ya yi dariya har hula ta faɗi.
Yanzu kullum la'asar yana nan da tabarma,
wai zafin ɗakinshi yake gujewa.

Damina ta uku na raba ta biyar.
Akuyar Maiwada ta cinye ɗaya,
ashe abin da shanun Jabbi suka ƙi
ita ba ta san da ƙi ba.
Uku na nan, sun rufe gindin itacen,
da kaka sukan fid da kai mai laushi
wanda hasken yamma ke ratsawa.
Rannan na kama Kuluwa da asuba,
ruwan wankin shinkafa take zubawa.

Ta biyar tana cikin yankakkiyar jarka.
Ba ta sayarwa ba ce, ban ba kowa.
Lambar Jabbi shekara biyu ba ta shiga.
In hanya ta buɗe, ƙafa na da sauran ƙarfi,
akwai rami a bakin wani rafi
da na bari ban cike ba,
can za ni maidawa.